Sunan Bulus a Takardar Gidanmu

Ummi, gidan ya sayu. Yau da hantsi muka sa hannu a ofishin lauya, mai saye ta ba mu mako guda mu kwashe kaya, kuma ranar Asabar mahaifiyarki za ta sauko daga hawa na biyar, saukowar da babu sake hawa bayanta. Mun kama gidan nan na ƙasa da na nuna miki hotonsa, wanda ke kusa da Park Hill.

To, yanzu bari in gaishe ki. Assalamu alaikum, daga babanki. Ina fata kun isa Bronx lafiya, ke da Nasiru da amaryata Safiya. Allah ya tsare ku, ya raya mana ita, ya sa kin koma ɗakinki a sa'a. Kwana arba'in ɗin da kika yi mana na jego sun wuce kamar kwana huɗu. Jiya da kuka tafi gidan ya yi shiru, har na kama kaina ina tafiya a hankali don kada in tashi jaririyar da ba ta nan.

Da kika zo yi mini sallama akwai maganar da na so in yi miki, amma mijinki yana tsaye da jaka a hannu, sai na fasa. Mahaifiyarki ta gaya mini ke da Nasiru da yayansa Kabiru za ku haɗa ƙarfi ku sayi gida a ginin haɗaka irin namu, kuma sunan Kabiru kaɗai za a rubuta, saboda shi banki ya fi sani. Ta ce abin da kika tara a aikin asibiti duk ciki zai shiga. Ban ce kada ku saya ba. Amma ki zauna ki karanta abin da ya same ni, domin tafiyar da na yi gida bara, wadda na ce muku ta zumunci ce kawai, ban gaya muku dukan dalilinta ba.

Kina da shekara uku a Zariya lokacin da na zo garin nan. Wanda ya ba ni wurin kwana shi ne Bulus, mutumin Kagoro, wanda kike ce wa Baba Bulus idan kin ga hotonsa. Shi yana tura marasa lafiya a keke a asibiti, ni ina tuƙa tasi, ina bin layin jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Tukunya ɗaya muke ci. Ba ya shigo da abin da ba na ci, ni kuma ranar Lahadi nake kai shi coci in wuce aiki. Mai ginin da muke zaune a Harlem ya gudu ya bar mu ba ruwan zafi, sai mazauna suka haɗa kai, hukumar birni ta sayar mana da ginin da rahusa. Irin wannan gini, Ummi, ba ɗaki ake sayar wa mutum ba. Mazauna ne ke kafa ƙungiya, ƙungiyar ta mallaki ginin, kowa a ba shi takardar hannun jari, a haɗa masa da takardar haya mai cewa gida lamba kaza nasa ne muddin jarin yana hannunsa. Waɗannan takardu biyu su ne gidan. Namu sun fito da suna biyu, nawa da na Bulus.

Da lokacin zuwanku ya matso ke da mahaifiyarki, shi ma ya ce ya gaji da sanyi, zai koma wurin matarsa Rifkatu. Na saye rabonsa. A falo muka yi, na kira limaminmu, shi ya kira wani dattijo daga cocinsu, aka ci tuwo, na ba shi haƙƙinsa a gabansu, kowa ya yi addu'a irin tasa. Da baƙi suka watse Bulus ya ce, "Isiyaku, gobe mu je ofishin masu kula da gini a cire sunana."

Na ce, "Haba Bulus, ni da kai sai da takarda? Liman ya gani, dattijonku ya gani, Allah ya gani."

Ya ce, "Ofis dai bai gani ba."

Na nuna kamar raina ya ɓaci, shi kuma ya bar maganar don kada ya zama mai zargi. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, a lokacin ban iya karatun boko ba. Ina jin nauyin in zauna gaban wata ma'aikaciya ta turo mini takarda ta ce in karanta in sa hannu. Na ɓoye jahilcina a bayan amana, kuma abin ya yi kyau a baki har ni kaina na yarda da shi.

Ki lura da wannan. Idan kika ji zuciyarki tana cewa neman takarda tsakaninki da dangin mijinki rashin kunya ne, ki tambaye ta ko akwai wani abu da take gudu. Rubutu ba ya rage amana. Yana hutar da ’ya’yan mutum ne daga rantsuwa a kan abin da ba su gani ba.

Daga baya na shiga makarantar yamma ta manya, kin san wannan, ke kike dariyar jakar littattafaina. Da na fara iya haɗa baƙi, na ciro takardar jarin na karanta da kaina, na ga sunan Bulus zaune kusa da nawa. Na ce wata rana zan gyara. Abin da na yi maimakon gyaran shi ne, na kai ta wani shago a layin 125 aka manne mata roba gaba da baya, yadda muke yi wa takardun makaranta a gida don kada gara ko ruwa su ci. Na dawo ina jin na yi dabara, na sa ta ƙarƙashin akwati.

Sai kuma babban laifina. Shekara tara da suka wuce labari ya zo cewa Rifkatu ta rasu. Matar da ta riƙa aiko mana da daddawa ta hannun duk wanda zai zo. Na ce zan kira shi idan na dawo daga aiki. Ban kira ba. Mako ya wuce, na ce sai na shirya abin da zan faɗa na ba da haƙurin jinkiri. Wata ya wuce, kunyar ta yi girma. Daga nan kullum kiran yana ƙara nauyi, har na daina taɓa lambarsa, har wayar da take ciki ta lalace. Babu faɗa tsakaninmu, babu komai. Ni ne kawai na bar kwana ɗaya ya zama shekara takwas.

Idan aka yi wa wani rasuwa, Ummi, ki kira a ranar, ko kina tsakiyar aiki, ko kalma biyu ce za ki iya faɗa. Ƙasar nan tana cinye lokacin mutum, kuma ba za ta taɓa ba ki ranar da ta dace ba.

Kin tuna ranar bikinki da maza huɗu suka sauko da mahaifiyarki a kujera, saboda gwiwoyinta sun ƙi matakala. Kowa yana raha, ita ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da ba ki ji ba shi ne abin da ta ce mini bayan an mayar da ita sama. Ta ce, "Malam, ni da ƙasa kuma sai ranar da za a sauko da ni a makara." Daga ranar ba ta sake sauka ba sai ganin likita. Sallah biyu ta yi a bakin taga. A nan na yanke shawarar sayar da gidan, in nema mata inda za ta buɗe ƙofa ta taka ƙasa.

Samun mai saye bai yi wuya ba, wata malamar makaranta ce da ɗanta. Na ɗauki lauya, wata mace mai haƙuri, na kai mata takarduna a leda. Ta ɗaga takardar jarin, ta ƙwanƙwasa ta a tebur kamar faranti, ta tambaya wa ya yi mata haka. Na ce ni ne, don tsaro. Ta ce ai wannan takarda mayar da ita ake yi ga ƙungiya a soke ta a fitar da sabuwa da sunan mai saye, kuma da wuya su karɓi wadda aka rufe da roba, don ba a iya tantance hatiminta. Ta ce wannan mai sauƙi ne, rantsuwa ce zan yi a rubuce, a sake fitar da wata. Sai ta sa yatsa a kan suna na biyu.

"Wane ne wannan?"

Na ba ta labari duka, har da tuwon.

"Shaidun suna nan?"

Na ce liman ya rasu, dattijon ma ya rasu.

"Shi fa, yana raye?"

Na ce mata ban sani ba. Mutumin da ya ba ni katifarsa ya kwana a kujera, ban san ko yana duniya ba.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. A idon doka rabin gidan na Bulus ne har yau. Idan yana raye, sai ya sa hannu cewa ya sakar mini rabonsa, a gaban jami'i mai hatimi wanda hukumar nan ta yarda da shi. Idan ya rasu, magana ta koma kotu da magadansa, kuma ba ta iya ce mini ga ranar gamawa ba. Na hau matakalar nan biyar ina tsayawa a kowane hawa. Da na gaya wa mahaifiyarki, ba ta yi maganar gida ba ko kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Ba ka san ko Bulus yana raye ba?" Ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata mata ’yar cocinsu da ke sayar da turare a layin 125 ce ta nemo mini lambar. Na ajiye mota a gefen titi da rana tsaka na kira.

"Wa ke magana?"

"Isiyaku ne."

"Wane Isiyaku? Na san wani Isiyaku a Amurka, amma ina jin ya rasu."

"Ina raye, Bulus."

"To, sannu da tashi. Me kake so?"

Na so in fara da gaisuwa in kewaya, amma na ga idan na yi haka na ƙara ƙarya a kan laifi. Na gaya masa komai, har da gwiwoyin Hajiya, mahaifiyarki.

Ya ce, "Ashe takarda ce ta tuna maka da ni. Da na sani da na bar sunana a kan motarka ma." Muryarsa ta canza, tana ja, ashe ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki ban sani ba. Ya ce, "Saboda Hajiya zan sa hannu, ita ba ta yi mini komai ba. Amma ba ka yi mini gaisuwar Rifkatu ba, kuma ba na karɓar ta a waya. Ka zo."

Ita ce tafiyar da na yi bara. Na ajiye motata, na shiga JFK ta ƙofar fasinjoji, inda na saba sauke wasu.

Na same shi a ƙofar gidansa a kujerar katako, sanda a gefe, ya rame. Na durƙusa na ce, "Bulus, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙurin rashin Rifkatu." Ya amsa mini kamar jiya aka yi rasuwar, ya ce, "Da godiya. Ka zo lafiya?" Ya sa aka kai ni kabarinta, na tsaya, na dawo. Bayan nan bai sake tayar da maganar ba, sai tsiya. Ya ce tumbina ya nuna har yanzu ina cin abincin cikin mota. Ya ce Bazazzagi ko ya shekara talatin a New York, idan ya ga rake sai ya tsaya.

Da aka fito da takardun da lauya ta ba ni, babban ɗansa Yohanna, wanda yake koyarwa a sakandare, ya karanta su tsaf. Ya ce cikin ladabi, "Baba, ka san abin da za ka sa wa hannu? A nan an ce rabin gidan naka ne. Mu ba mu ga wata shaida cewa an biya ka ba, kuma ana cewa gidajen Harlem yanzu sun yi tsada."

Yaron bai faɗi ƙarya ba. Ba ni da ko guntuwar takarda da zan nuna masa.

Bulus ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. Ya ce, "Ka ga kwanon rufin nan? Ka ga ɗakin da aka haifi ƙanwarka a ciki? Rabona ke nan, na karɓa, na ci tuwo a kai. Kawo biro."

Ki tsaya a nan ki yi tunani, Ummi. Da ciwon nan ya tafi da shi, Yohanna zan tarar, kuma da ya riƙe rabin gidan ba zan iya kiransa azzalumi ba. Kabiru mutumin kirki ne, na yarda da shi, ni na ba ƙanensa ’yata. Amma ba da Kabiru kaɗai kuke yin wannan ciniki ba. Kuna yi ne da matar da zai aura da ’ya’yan da bai haifa ba tukuna, su kuma za su yi da Safiya.

Hannunsa na dama ba ya riƙe biro sosai. Kwana uku yana gwada sa hannu a bayan tsohuwar kalanda kafin mu tafi Abuja, ofishin jakadanci, inda jami'i mai hatimi yake. Yohanna ne ya tuƙa mu, kuma shi ya riƙe masa takardar don kada ta zame. Da muka fito Bulus ya ce, "Da ka bi ni ofis wancan karon, tasha biyu ce a jirgin ƙasa. Yanzu ga ka da tikitin jirgin sama, ga ni da hannu ɗaya." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Sai ka saya mini tsire tukuna."

Ko da na dawo ba a gama ba, wata bakwai aka ƙara. Na yi rantsuwar takardar da na manne wa roba, aka fitar da sabuwa da sunana ni kaɗai. Takardar hayar kuma sai da aka nemo kwafinta a ofis, don shafuka biyu na tawa sun ɓata. Sai maganar bangon katakon nan da na raba falo da shi don baƙin da ke sauka daga gida su sami wurin kwana. Ban taɓa neman izinin kwamitin gini ba, ban ma san ana nema ba, sai da aka cire shi aka zo aka duba. Mahaifiyarki ta ce shekara ashirin ba ta san falonta yana da taga biyu ba. Aka karɓo wasiƙa daga ofis cewa ba a bin gidan kuɗin wata-wata. Ita ma mai saye kwamiti ya zauna da ita, ta kawo shaidar albashinta, domin ginin namu na masu ƙaramin ƙarfi ne, akwai iyakar da ba a wucewa. Kowace takarda idan ta zo sai ta ce sai ’yar’uwarta ta zo. Amma wannan karon da idona na karanta kowane layi kafin in sa hannu, inda ban gane ba na tambaya, kuma babu wanda ya yi mini dariya.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Kafin ki ba da abin da kika tara, ku sami lauya naku. Idan za a iya rubuta sunayenku duka a takardar jari da ta haya, a rubuta. Idan banki ko kwamiti sun ƙi, lauya ya rubuta yarjejeniya mai cewa wane yana da kaza, wance tana da kaza, da yadda za a yi idan ɗaya ya so fita ko ya rasu, kowa ya sa hannu gaban mai hatimi. Ranar da wani ya saye rabon wani, a je ofis a ranar, a ci tuwon daga baya. Takardun ki sa su a jaka ɗaya, ki ɗauki hotonsu a waya, kada ki manna musu komai. Wasiƙar da ta zo daga ofishin gini ki buɗe ta a ranar. Kada ku kafa ko ku rushe bango sai da izini a rubuce.

Na san abin da zai yi miki wuya shi ne buɗe baki. Kada ki tunkari Kabiru da kanki, ba tsarinmu ba ne. Ki gaya wa Nasiru cikin natsuwa, bayan ya ci abinci. Idan kin ga fuskarsa ta canza, ki ce Baba ne ya dage, ki ɗora mini duka, tsoho ba ya rasa rigima. In ya so ki ba shi wasiƙar nan ya karanta, ban ɓoye komai a ciki ba. Ina kyautata zaton shi da yayansa za su fi ni hankali, don sun yi karatu da wuri, ba su da abin da za su ɓoye a bayan amana.

Ɗazu na kira Bulus ta bidiyo daga ƙofar ofishin lauya. Bai bari na gama sallama ba ya ce, "Hajiya ta sauko?" Na ce sai Asabar. Ya ce in kira shi a lokacin, yana so ya gani da idonsa, kuma in riƙe wayar da kyau, kada in nuna masa silin kamar yadda na saba.

Allah ya tsare ki a hanyar aiki da dawowa, ya tsare mijinki, ya sa albarka a gidan da za ku saya, ya haɗa kanku da danginsa. Allah ya raya Safiya cikin lafiya da imani. Ki shafa mini kanta, ki ce mata angonta ya yi sabon gida, kada ta ce zai ajiye ta a sama.

Ranar Lahadi bayan azahar muna can. Idan kun sauka daga jirgin ruwa ku hau bas ɗin Park Hill, zan tsaya muku a tasha. Ki zo da Nasiru, ki ce ina gayyatar Kabiru da bakina. Ki gaya wa ƙawayen mahaifiyarki na Harlem, da mai turaren layin 125, da duk wanda ya taɓa kwana a bayan bangon katakon nan. Babu kujeru tukuna, kowa ya zo da abin zamansa. Hajiya ta ce ita za ta buɗe wa kowa ƙofa, kuma idan an tashi ita za ta raka ku har bakin titi da ƙafarta. Ku zo ku gani.